Babi na Huɗu: Titin Bakin Teku, daga Akra zuwa Axim

Gaɓar tekun Ghana ta doshi kilomita 550, daga Aflao da ke kan iyakar Togo har zuwa inda ƙasar ta haɗu da Kwaddibuwa, kuma titi guda ne ya ɗinke ta, wanda hukuma ke kira N1. Suna dai titin bakin teku, amma direban da ya miƙe a kansa bai ratse ba zai iya yin awa guda cur bai hangi ruwa ba. Akasarin garuruwan masunta suna can ƙarshen ƙananan hanyoyin da suka ɓalle kudu. Winneba, Apam, Dixcove, Axim, kowanne sai ka bar babban titi ka gangara. Mai sauri zai iya tashi daga Akra bayan sallar asuba ya yi la'asar a Axim, ya koma gida yana cewa ya ga kudancin Ghana, alhali gidajen mai da majami'u kawai ya ƙirga. Tafiyar nan ta mai ratse ce, kuma ta mai kwana, domin abincin gaɓar da darenta duka teku ne ke yanka musu lokaci.

A kwana a Akra tukuna. Rana a nan tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, rani da damina, kuma duhu ba ya jan ƙafa. Kafin a idar da magariba gari ya rufe. Baƙo idan ya tambayi inda ake hira da dare, Osu za a nuna masa, titin da ake wa laƙabi da Oxford Street: gidajen rawa, shagunan soyayyar kaza, motocin 'ya'yan masu hali. Tun daga 2019, shekarar da gwamnati ta ware don gayyatar jikokin waɗanda aka kwasa bauta su zo ganin gida, wurin ba ya shiguwa a watan Disamba, kuma kuɗin komai sai ya haura. Ni dai ban ga abin da ke titin nan wanda babu shi a Legas ko Abuja ba. Abin da ya cancanci a taka saboda shi yana can cikin tsohuwar unguwar, wato kasuwar dare, inda matan ƙabilar Ga, 'yan asalin Akra, ke jere da dokunu mai tururi, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi, da barkonon da aka niƙa da albasa da tumatir a ƙaramin kaskon ƙasa. Musulmi ya buɗe ido a nan, ya kuma buɗe baki ya yi tambaya, domin gasasshen naman alade na cikin abubuwan da kasuwar ta yi suna da su, kuma tirensa na iya zama maƙwabcin na kifi. Ba mai jin haushin tambayar. Mai abincin da kanta za ta nuna maka teburin da ya dace da kai.

Akwai kuma kelewele, wanda ba kasafai ake ganinsa da rana ba. Agada ce da ta nuna lugub, a yanka ta ƙanana, a cuɗa da citta da barkono da kanumfari, a soya har gefenta ya yi duhu, a ƙunsa maka a takarda tare da soyayyar gyaɗa. Wanda ya zo tsakanin Mayu da Yuni kuwa zai tarar da daren Akra ya yi laushi, saboda sarakunan Ga kan hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata guda kafin bikinsu na Homowo. Dokar ba ta ƙyale lasifikar coci ko ta masallaci ba, kuma an sha kai ruwa rana a kanta.

Da asuba gari ya koma hannun 'yan zango. Kokon gero mai citta da masoro da kanumfari, tare da ƙosai, shi ne karin kumallon ma'aikacin banki da ɗan dako, kuma ko'ina a ƙasar da sunan Hausawa ake kiransa. Sai waakye, shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi da 'yar kanwa har suka yi ja. A Nima da Mamobi da Sabon Zango layi ake bi. In ya zo kanka ba sai ka yi Turanci ba: "Hajiya, ina kwana. A sa mini taliya da gari, da ƙwai ɗaya, a ƙara shito." Za ta zuba maka a faffaɗan ganye, ta ɗora ganda in kana so. Shito shi ne baƙin yajin da ake soyawa a mai da busasshen kifi da jatan lande, a bar shi a wuta har ruwansa ya ƙone ƙurmus, shi ya sa yake watanni a kwalba bai lalace ba. Sayi kwalba guda ka jefa a mota, za ta yi maka rana a gaba.

Mai motar haya tashar Kaneshie zai nufa. Mai tuƙa kansa zai hau titin da aka sa wa sunan George Bush, kilomita 14 da aka buɗe a 2012 da kuɗin Amurka, ya sauka a mahaɗar Mallam. Hannun dama ake bi, kamar a Najeriya da Nijar. Ghana ta bar hannun Ingila tun 1974. Daga Mallam zuwa Kasoa, garin da fatake Hausawa suka raɗa wa suna, tafiyar ba ta taka kara ta karya ba, amma cunkoso kan mai da ita ta awa biyu. An daɗe ana ɗora laifin a kan shingen karɓar kuɗin hanya. An daina karɓar kuɗin a Nuwamban 2021, cunkoson bai san an yi ba. Maganinsa ɗaya ne, a wuce Kasoa kafin gari ya waye sosai.

Bayan Buduburam, inda aka tsugunar da 'yan gudun hijirar Laberiya tun 1990, sai gari ya saki hanya. Ƙasar nan ba kurmi ba ce kamar yadda mutumin arewa ke zaton kudu. Fili ne mai ciyawa da gajerun itatuwa, don ruwan sama bai cika yawa a wannan yanki ba. Titin kuwa ba na wasa ba ne. Ya yi suna da haɗari, manyan motoci masu zuwa Abijan na bin sa dare da rana, kuma direbobin ƙananan bas suna wuce juna a kan kwana kamar sun ga abin da ke gaba. Ba na ba kowa shawarar bin sa bayan magariba. A gefen hanya samari na ɗaga gyazbi ta wutsiya, wani ɗanye wani an baje shi an yi banda. A yankin Ekumfi abarba ce tuli-tuli, irin doguwar nan mai koren baya da farin ciki, wadda zaƙinta ba ya tsinka harshe. Winneba na da bikin Aboakyer a Asabar ɗin farko ta Mayu, inda ƙungiyoyin mayaƙan gargajiya biyu ke tsere wajen kamo mazo da rai da hannu. Mankessim cibiyar ƙabilar Fante ce, a nan suka ƙulla ƙawancensu na 1868. Saltpond kuma a nan aka kafa jam'iyyar UGCC a Agustan 1947, wadda ta kira Nkrumah ya dawo daga Ingila ya zama sakatarenta. Duk waɗannan ana iya wuce su da kallo. Yamoransa ce ba a wucewa.

Mahaɗa ce inda hanyar Kumasi ta rabu, kuma tun daga nesa za ka hangi tebura ɗauke da dokunu an jera shi bisa juna. Dokunun Fante daban yake da na Ga. Aikin farko dai ɗaya ne: a jiƙa masara kwanaki, a niƙa, a bar ƙullun ya yi tsami, a dafa rabi a haɗa da ɗanyen rabin, a ƙunsa, a sake dafawa na sa'o'i. Ga na ƙunsawa a ɓawon masara, su sa gishiri, a ci da zafinsa. Fante kuwa busasshen ganyen ayaba suke naɗawa ninki-ninki, galibi ba gishiri, ya fito da ƙarfi da ƙanshin ganyen, kuma ya yi kwanaki bai canza ba. Abincin mutanen da ke shiga teku ne, waɗanda ba su da murhu a cikin kwalekwale kuma ba su san ranar da kifi zai bar su su dawo ba. In ya kwana biyu ana dama shi da ruwan sanyi da madara da sukari, kamar yadda muke dama fura, a watsa gyaɗa a kai. Fasinjojin da ke komawa Akra ko Kumasi da shi suke yin tsaraba.

Cape Coast na da nisan kilomita kusan 145 daga Akra. Ita ce hedikwatar mulkin Ingila a wannan ƙasa har 1877, kuma har yau garin makarantu ne: Mfantsipim da aka kafa a 1876, inda Kofi Annan ya yi karatu, da Adisadel, da Wesley ta 'yan mata, da jami'ar da aka buɗe a 1962. Farin sansanin da ke kan dutse a bakin ruwa mutanen Suwidin ne suka fara gina shi a 1653, kafin ya faɗa hannun Ingila. A ƙarƙashinsa akwai ɗakunan da ake tsare bayi kafin jirgi ya iso, kuma a bisa ɗakin maza daidai aka yi ɗakin ibadar Turawan. Mai rakiya kan kashe fitila na ɗan lokaci don baƙi su ji yadda duhun yake. Na Elmina, kilomita goma sha kaɗan a gaba, ya girme shi nesa ba kusa ba: Fotugal ta gina shi a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, ta miƙa wa Ingila a 1872, kuma a ciki aka tsare Sarkin Ashanti Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a kai shi gudun hijira. A shiga duka biyun, wajibi ne. Amma yawancin baƙi daga nan suke komawa mota, su tafi dajin Kakum su hau gadar igiyar da aka rataya a ƙoƙuwar itatuwa, su kwana a Akra. Sun ga inda aka azabtar da matattu, ba su ko gaisa da masu rai da ke gindin bangon ba.

Masu ran kuwa suna nan a bakin Benya, tafkin ruwan gishirin da ya ratsa Elmina ya faɗa teku daf da sansanin. Tsaya a kan gada da hantsi. Kwalekwale ne ɗaruruwa, an sassaƙa gindin kowanne daga gungumen itacen wawa guda ɗaya da aka sauko da shi daga kurmi, aka ƙara masa katako a gefe, aka shafe shi da fenti mai ɗaukar ido, an rubuta ayar Baibul ko sunan ƙungiyar ƙwallo, tutocin ƙasashen da mai jirgin bai taɓa zuwa ba suna kaɗawa. Maza ne ke shiga ruwa, amma da kifi ya taɓa ƙasa ya zama na mata. Masunta na da sarkinsu, apofohene, mai sasanta rigima. Mata masu sayen kifi na da tasu shugabar, wadda ake daidaita farashin safiya da ita. Da yawa cikin matan su ke ba da kuɗin man inji da na abincin tafiya, a biya su da kifi. Miji na iya zama mai jirgi, matarsa kuma mai bin sa bashi.

Daga nan sai bayan gari, inda hayaƙi ke tashi. Tanderun da ake banda a kansa ana kiransa Chorkor, sunan wata unguwar masunta a Akra inda aka ƙirƙiro shi wajen 1969 tare da matan wurin da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ginin laka ne mai kusurwa huɗu, a jera tire-tiren katako masu ragar waya bisa juna har goma ko fiye, hayaƙi ɗaya ya ratsa su duka, itace kaɗan ya yi aiki mai yawa. Kifin da aka yi wa banda a nan shi ke tafiya Kumasi da Tamale har ya tsallaka iyaka. Wanda bai kai ga tanderu ba kuwa shi ake yin Fante-Fante da shi, miyar da masunta suka saba yi a bakin ruwa: ɗanyen kifi na ranar, manja, albasa, tumatir, barkono, shi ke nan. Ba a juya ta da ludayi don kada kifin ya farfashe, girgiza tukunyar ake yi. Ci ta da dokunun Yamoransa, da hannu, a ɗaya daga rumfunan abincin da ke kusa da kasuwar kifi. A otal ma suna yin ta, amma da kifin firji, kuma harshe ba ya ɓata wajen gane bambancin.

A garin masunta dare lokacin aiki ne. Da yamma jirage ke fita, su kwana a ruwa, su dawo da safe. Ƙananan kifayen nan dangin sadin, waɗanda su ne abincin talaka, an fi kama su a daren da babu wata. In wata ya cika kamu sai ya ja baya. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi kan taso daga ƙasan teku ya kawo abincin kifi sama, lokacin ne kakar masunta, lokacin biyan bashi da ɗaurin aure. Ranar Talata ba a shiga teku, al'ada ce da ake kiyayewa a mafi yawan gaɓar. Saboda haka wanda ke son ganin Elmina cike da mazanta, ana gyaran taru a inuwa, ana buga dara, mashaya sun cika, daren Litinin da yinin Talata zai nema, ba Asabar ba. Bikin garin ma, Bakatue, Talatar farko ta Yuli ake yin sa, ranar da ake buɗe Benya bayan an hana kamun kifi a cikinsa na makonni.

Sai dai kakar ba ta cika kamar da. Kifi shi ne fiye da rabin naman da mutumin Ghana ke ci, kuma kamun ƙananan kifayen nan ya faɗi warwas cikin shekaru ashirin da suka wuce. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Jirage sun yi yawa. Wasu masunta na tafiya da janareto su zura fitila cikin ruwa don tara kifi, abin da doka ta hana. Sannan ga saiko: manyan jiragen kamun kifi, waɗanda bincike ya sha nuna cewa kamfanonin Sin ne ke bayan akasarinsu ko da tutar Ghana suke ɗauke da ita, suna kwashe ƙananan kifin da ba su da izinin kamawa, su daskarar da shi falle-falle, su sayar wa wasu kwalekwale na musamman a tsakiyar teku. Elmina ce ta kasance babbar tashar saukar da shi. Ƙungiyar kare muhalli ta EJF ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kimanin tan 100,000 aka yi cinikinsa ta wannan hanya. Wato masunci ya dawo hannu rabbana, matarsa ta je ta sayi kifin da aka riga shi kamawa. Tarayyar Turai ta yi wa Ghana gargaɗi a 2021, an matsa, saukar da saiko a bainar jama'a ya ja baya; a 2019 kuma aka fara rufe wa masu kwalekwale teku na wata guda don kifi ya hayayyafa. Mai ci a rumfa ba zai ga wannan duka ba. Abin da zai gani shi ne kifin da ke kan dokununsa bai fi yatsa biyu ba.

Hirar dare a Cape Coast ba ta da wuyar samu. Akwai wuraren shaƙatawa a kan yashi, wasu daf da bangon sansanin, inda ake kiɗa da rawa a ƙarshen mako don baƙi da ɗaliban jami'a. Wasu na ganin bai dace a yi rawa a gindin wancan gini ba. Ina fahimtarsu, amma mutanen garin a nan aka haife su, a nan suke shanya taru, ba za a ce su yi ta zaman makoki shekara ɗari biyu don baƙo ya ji daɗin jimaminsa ba. Ainihin hirar gari kuwa a ƙananan mashaya take, kujerun roba a bakin titi, lasifika ta fi ƙofar shagon girma. Masu sha na shan giyar Club ko akpeteshie, ogogoron ƙasar. Wanda ba ya sha akwai zoɓo da lamurje masu sanyi, ba mai yi masa kallon baƙo. Kusan kowace mashaya akwai mai tsire a ƙofarta, wanda a nan ake kira chichinga, kuma in ka yi masa sallama da Hausa da wuya ya kasa amsawa, ko daga Bawku ya fito, ko Dosso, ko Sakkwato. Shi ba ya shiga ciki, su kuma ba sa iya hira ba shi. Zaman nan ya daɗe: a yaƙin Ingila da Ashanti na 1873 zuwa 1874 an kawo sojojin Hausa daga Legas, wasunsu ba su koma ba, fataken goro suka biyo baya, kuma yau da wuya ka sami babban gari a gaɓar da ba shi da zango da masallacinsa.

Daren Juma'a na masu biyu ne: majami'un da ke kwana suna addu'a da ganguna, da gidajen da ake zaman makoki kafin jana'izar Asabar. Jana'iza a nan biki ce, da rumfuna ja da baƙi da suka tare titi, da makaɗa, kuma sau da yawa ta fi kowane gidan rawa armashi. A irin wannan taro ne za ka ji badujalar Fante, kakar kiɗan highlife. A ƙarshen ƙarni na 19 Ingila ta girke sojoji baƙaƙen fata daga tsibiran Karebiyan a Cape Coast da Elmina. Samarin gari suka ga begila da gangunansu, suka ɗauka suka sa musu nasu taken, aka sami kiɗan adaha. Matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru daga Laberiya suka kawo salon kaɗa jita da yatsu biyu. Daga haɗuwar waɗannan da waƙoƙin masunta aka sami kiɗan da daga baya E.T. Mensah ya kai Legas a shekarun 1950.

Bayan an haye kogin Pra a Beposo ƙasa sai ta canza, kore ya yi duhu, kwakwar manja da ta sha suka rufe hanya. Takoradi na da nisan kilomita kusan 220 daga Akra, ita da tagwaininta Sekondi. Garin ma'aikata ne tun asali. Daga Sekondi aka fara shimfiɗa layin dogo a 1898, ya kai Kumasi a 1903, aka buɗe tashar jiragen ruwa a Takoradi a 1928. Layin nan ya sauya hanyar goro: maimakon ayarin jakuna na wata da watanni daga Gwanja, sai a sauko da shi bakin teku a sa a jirgin ruwa zuwa Legas, kuma Alhassan Ɗantata na cikin 'yan arewan farko da suka bi wannan hanya. A yaƙin duniya na biyu kuma, daga Satumban 1940, a nan ake sauke jiragen yaƙin Ingila a cikin akwatuna, a harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su bi ta Chadi da Darfur da Khartum har Alƙahira. Dubban jirage sun bi ta nan. Tsofaffin Kano da suka ga jiragen suna sauka a lokacin, daga wannan gari suke tasowa.

Garin da ke da matuƙan jirgi da albashin ƙarshen wata ba ya rasa makaɗa. A nan C.K. Mann ya ɗauki osode, kiɗan masunta, ya sa masa jita da molon lantarki a shekarun 1970. Gyedu-Blay Ambolley ɗan Sekondi ne, Kofi Kinaata kuma, wanda matasa ke yayi yanzu da waƙoƙinsa na Fante, ɗan unguwar Effiakuma ne. Lokacin Kirsimeti ƙungiyoyin Ankos kan cika tituna da kaya masu launi da fuskokin dodo, badujala na biye da su kwana da kwanaki. An gano mai a rijiyar Jubilee a 2007, aka fara haƙowa a Disamban 2010, sai ga sababbin otal-otal da gidajen rawa masu ƙofar gilashi inda ake sayar da kwalba a farashin Landan. Kuɗin haya ya tashi, aikin da aka yi wa samari alkawari bai zo da yawa ba, domin rijiyar tana can cikin teku, kilomita kusan 60 daga gaɓa, kuma ba ta buƙatar hannaye masu yawa. Masunta kuma aka shata musu da'ira a kewayen dandamalin haƙar aka ce kada su shiga, alhali fitilunsa na janyo kifi can. In kana da dare ɗaya a Takoradi, ka bar ƙofar gilashin, ka zagaya wajen Market Circle inda masu shayi da masu gasa karfasa ke kai wa tsakar dare.

Daga mahaɗar Agona Nkwanta hanya ke gangarawa Busua, inda yashi ya yi faɗi kuma igiyar ruwa ta fi sauƙi, har samarin ƙauyen sun koyi hawan ta da allo suna koya wa Turawa. Wannan sauƙin na Busua ne kaɗai. A yawancin gaɓar ruwan yana da ja ta ƙasa, yana tafiya da gwanayen iyo ma, balle wanda iyakarsa kogin Haɗeja da rani. Da yamma masunta kan zagayo da manyan jatan lande da ƙaguwa a bokiti, ka yi ciniki, a gasa maka. Dare a nan wutar itace ce a kan yashi da kiɗan rege. Wanda motarsa ke da ƙarfi zai iya kutsawa Cape Three Points, ƙarshen Ghana ta kudu, ko Princes Town, inda Jamusawan Brandenburg suka gina nasu sansanin a 1683. Da damina a tambayi direbobin tasha halin hanyar kafin a shiga.

Axim ce ƙofar ƙasar Nzema, kuma tana cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwan sama a Ghana, wajen milimita 2,000 a shekara. Sansaninta Fotugal ce ta gina a 1515. Kaɗan a gaba za ka haye kogin Ankobra, ka ga ruwansa ya koma ruwan kunun kanwa saboda masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba da ke can sama, kuma haka yake shiga teku da lakarsa. Nkroful, mahaifar Nkrumah, na kusa. Haka Beyin, inda ake shiga kwalekwale zuwa Nzulezo, ƙauyen da aka kafa bisa turaku a kan tafki. A nan masara ta fara ba rogo wuri. Abincin Nzema shi ne akyeke, rogon da aka gurza, ya yi tsami, aka tsane shi, aka turara shi ya zama tsaki-tsaki, a ci da soyayyen kifi da yankakken albasa da barkono da ɗan mai. Shi ne dai abin da ake kira atceke a Abijan, don mutanen iri ɗaya ne iyaka ta raba. Daga Axim zuwa Elubo, inda gada ta haye kogin Tano zuwa Kwaddibuwa, bai fi tafiyar awa ɗaya da rabi ba in hanya ta yi kyau, kuma tun kafin ka isa masu canji za su fara ɗaga maka sefa ta tagar mota.